Ciyawar Teku: Bincike, Haɗin Guiwa da Rabon Amfani



Gabatarwa

Daga Kano zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin Arewa ya ji an ce za a yi lacca a kan ciyawar teku, ya tambaya ina ruwansa da ita. Amsar tana nan kusa da shi. Idan likita ya tura majiyyaci a auna masa jini ko fitsari don a gane irin ƙwayar cutar da ke damunsa, a kan wani daskararren abu da aka tatso daga ciyawar teku ake renon ƙwayar har ta bayyana. Akwai man goge haƙori da askirim da dama waɗanda da ita aka ba su kauri. Likitan haƙori ma da ita yake ɗaukar siffar bakin mutum kafin ya ƙera masa haƙoran roba. Haka kuma ledar da aka yar a magudanar ruwa a Kaduna ko Sakkwato tana iya bin kogi ta faɗa Kwara, shi kuwa Kogin Kwara a teku yake juye abin da ya ɗauko.

Wannan lacca za ta bi tarihin ciyawar nan ta ƙasashe daban-daban domin ta nuna abu guda. Duk wani amfani mai ɗorewa da aka samu daga gare ta, haɗin guiwa ne ya kawo shi, tsakanin masu bincike da masu aikin ƙarfi, da kuma tsakanin ƙasa da ƙasa. Amma haɗin guiwar yakan yi rauni a duk inda aka danne rabon wanda ya fi shan wahala.

1. Mece ce Ciyawar Teku?

Bahaushe ya san gansakuka, wadda takan rufe fuskar tafki ko ta manne a jikin randa. Abin da ake kira ciyawar teku danginta ne, sai dai a ruwan gishiri take tsiro, kuma wata takan yi tsawon da ya fi na dogon rimi. Ba ta da saiwa irin ta dawa, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da jikinta duka take shan abincinta daga ruwa. Masana sun kasa ta gida uku bisa ga launi: akwai ja, akwai koriya, akwai mai ƙasa-ƙasa. Nomanta ba ya bukatar fili, ko ban ruwa, ko taki, wannan ne kuwa ya sa hankalin masu neman kayan aiki masu ɗorewa ya koma kanta. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2020 an sami wajen tan miliyan 35 na ɗanyarta a duniya, kusan duka nomawa aka yi, kuma ƙasashen Sin da Indunusiya su ne kan gaba.

Ban da ci da ake yi a ƙasashen gabashin Asiya, ana tatsar abubuwa uku daga jikinta, waɗanda aikinsu shi ne daskarar da ruwa ko ba shi kauri. Daga ja ake samun aga da karajinan. Daga mai ƙasa-ƙasa ake samun aljinet, wanda wani masanin harhaɗa magunguna na Birtaniya mai suna Stanford ya gano a 1881.

2. Aga: Daga Madafa Zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

A farkon shekarun 1880, Robert Koch na Jamus da mataimakansa suna fama da wata matsala. Suna son su rene ƙwayoyin cuta a kan abu mai tauri, yadda kowace iri za ta taru wuri ɗaya a iya bambanta ta da 'yar'uwarta. Abin da suke amfani da shi a lokacin jalatin ne, watau irin daskarewar nan da romon ƙafar saniya yake yi idan ya kwana. To, jalatin yakan narke a zafin da ya yi daidai da na jikin ɗan'adam, alhali kuwa a wannan zafin ne ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa. Bugu da ƙari, waɗansu ƙwayoyin sukan cinye shi ya koma ruwa.

A cikin masu aiki da Koch akwai likita Walther Hesse. Matarsa Fanny, wadda aka haifa a Amurka, ita ke dafa masa kayan renon ƙwayoyin, ita ke zana masa hotunansu. A 1881 ta ba shi shawara ya gwada aga, wanda take daskarar da kayan zaƙi da shi a lokacin zafi. Ita ma daga wajen maƙwabta ta koya, waɗanda suka taɓa zama a tsibirin Jaba na Indunusiya. Sunan kansa daga harshen Male ya fito, mutanen Japan kuwa sun daɗe suna sarrafa shi. Da aka gwada, sai aka tarar ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85 a ma'aunin Salshiyas, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba su iya cin sa. A 1882 Koch ya ambaci aga a rubutunsa na gano ƙwayar tarin fuka, amma bai ambaci Fanny Hesse ko mijinta ba. Ilmin ya taso daga madafan Asiya, ya bi ta Amurka, ya sauka Jamus, daga nan ya bazu zuwa kowane asibiti a duniya, ita kuwa matar da ta haɗa zaren ba ta sami ko anini ba.

3. Nori: Takardar Manchesta da Manoman Japan

Akwai wata jar ciyawa da mutanen Japan ke kira nori, suna busar da ita falle-falle kamar takarda su naɗe shinkafa a ciki. Tun ƙarni na 17 ake nomanta, amma noman kamar caca yake. Da kaka manomi zai kafa gora ko rassan itace a inda ruwa bai yi zurfi ba, ya koma ya jira. Wata shekara ciyawar ta kama, wata shekara ba ta kama ba. Da zafi ya shigo sai ta ɓace ƙaf, ba wanda ya san inda irinta yake ɓuya, saboda haka ba wanda ya iya ajiye iri kamar yadda manomin gero ke yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, guguwa da gurɓacewar ruwa suka taru suka lalata amfanin shekaru a jere, a daidai lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin abinci.

Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. A Jami'ar Manchesta ta Ingila akwai wata masaniyar tsirrai mai suna Kathleen Drew-Baker, wadda aka haifa a 1901. Da ta yi aure a 1928, sai ta rasa aikinta na koyarwa, domin a zamanin jami'ar ba ta riƙe matan aure a irin wannan aiki. Ta ci gaba da bincike a matsayin girmamawa, ba tare da albashi ba. Tana nazarin wata 'yar'uwar nori da ke tsiro a gaɓar Wales, sai ta gano cewa ƙwayoyin irinta sukan huda ɓawon ƙumba, watau katantanwar ruwa mai marfi biyu, su shige ciki su zama waɗansu siraran zare masu launin ja-ja. Masanan da suka gabace ta sun ga wannan zare, amma sun ɗauka wata halitta ce dabam, har sun raɗa mata suna. Ita ce ta tabbatar da cewa ciyawa ɗaya ce mai rayuwa hawa biyu: da sanyi tana fili a matsayin ganye, da zafi tana ɓoye cikin ɓawo. Ta buga wannan a mujallar Nature a 1949, a gajeriyar takarda.

Wani shehun malami na Japan, Sokichi Segawa, ya karanta takardar, ya gane cewa asirin nori ne aka tona. Ya isar da labari ga masu bincike na gundumar Kumamoto, inda Fusao Ota da abokan aikinsa suka yi ta gwaji, har a 1953 suka kai ga dabarar renon iri a ɓawon ƙumba cikin tankuna, sa'an nan a tsoma raga a ciki irin ya kama, a kai ta teku. Da wannan ne noman ya fita daga caca ya zama sana'ar da ake iya lissafinta. Drew-Baker ta rasu a 1957, ba ta taɓa sa ƙafa a Japan ba. A 1963 manoman nori suka kafa mata dutsen tunawa a garin Uto, suka yi mata laƙabi da Uwar Teku, kuma ranar 14 ga Afrilu ta kowace shekara ce ranar bikin tunawa da ita.

Abin lura a nan shi ne jerin hannuwan da ilmin ya bi: mai binciken da ba ta nufi kasuwa ba, malamin da ke karanta abin da ake bugawa a wata ƙasa da wani harshe, ma'aikatan tashar gwaji ta gunduma, sa'an nan manoma. Da an rasa ɗaya daga cikinsu, da takardar ta tsaya a kan kanta a laburare.

4. Mwani: Matan Zanzibar

Misali na uku daga Afirka yake. Kamfanonin da ke tatsar karajinan da can sun dogara ne ga ciyawar da ake tsintowa, wadda ba ta isa. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, Maxwell Doty na Jami'ar Hawayi da Vicente Alvarez na ƙasar Filifin suka yi aiki tare har suka daidaita hanyar noma ta a ruwan Filifin. Wani ɗan Tanzaniya, Keto Mshigeni, ya yi karatun digirinsa na dakta a Hawayi, ya komo Jami'ar Darussalam da imanin cewa ƙauyukan gaɓar ƙasarsa za su iya wannan noma. An yi gonakin gwaji a shekarun 1980, sa'an nan a 1989 kamfanoni masu zaman kansu suka kawo iri daga Filifin, aka fara noman sayarwa a ƙauyukan Paje da Jambiani na tsibirin Zanzibar. Da Suwahili ana kiran ciyawar mwani.

Aikin ba ya bukatar jari mai yawa. Idan teku ya janye, sai a shiga ruwa iya guiwa, a kafa turaku, a ɗaura igiya tsakaninsu, a ɗaɗɗaure guntayen ciyawar a jikin igiyar. Bayan wajen mako shida sai a girbe, a shanya, a sayar. Maza sun fi karkata ga su da sauran sana'o'i, saboda haka noman ya zama na mata. Fiye da mutum 20,000 suka shiga cikinsa, mafi yawansu mata, da yawa daga cikinsu kuwa wannan ne karo na farko da suka riƙe kuɗin kansu, suka biya wa 'ya'ya makaranta, suka gyara ɗaki.

Sai dai matsaloli uku sun biyo baya. Ta farko, ɗumamar ruwa. Iri biyu aka kawo, kotoni da sifinosam. Kotoni ya fi tsada, amma ba ya jure zafi, kuma da ruwan gaɓa ya ƙara ɗumi sai wata cuta ta riƙa farar da shi yana kakkaryewa, har manoma da yawa suka koma ga mai arahar. Ta biyu, farashi. Busasshiyar ciyawa ake fitarwa zuwa ƙasashe irin su Danmak da Amurka, can ake tatsar karajinan, can ribar take, mai noma kuwa 'yan masu saye kaɗan ne ke yanka mata farashi. Ta uku, kayan aikin kansu: igiyoyin na nailan ne, turakun kuwa sau da yawa daga itatuwan bakin teku ake sare su, waɗanda su ne ke kare gaɓa daga zaizaya.

Dakta Flower Msuya, wadda ta daɗe tana bincike a cibiyar kimiyyar teku ta Jami'ar Darussalam da ke Zanzibar, ta jagoranci kafa wata ƙungiya a 2006 wadda ta haɗa manoma da masu bincike da jami'an gwamnati da 'yan kasuwa. Sun koya wa mata sarrafa mwani ya zama sabulu da man shafawa da garin abinci, don wani kaso na ribar ya tsaya a gida. Sun kuma gwada noman kotoni a ruwa mai zurfi, inda ya fi sanyi, cikin raga mai siffar bututu. Nan fa aka ga iyakar dabarar da aka tsara a ɗakin gwaje-gwaje: yawancin matan ba su iya iyo ba, kuma ba su da jirgin ruwa. Sai da aka haɗa da koyar da iyo da samar da jirage kafin dabarar ta fara amfanar waɗanda aka yi ta dominsu.

5. Roba da Koma

Dalilin da ya sa maganar ciyawar teku ta sake tasowa shi ne roba. A 1950 robar da aka yi a duniya ba ta wuce wajen tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai tan miliyan 460. Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, tsakanin tan miliyan 4.8 da 12.7 na sharar roba ya shiga teku daga tudu. A 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi za su tsara yarjejeniyar magance wannan, amma taron Busan na 2024 da na Janeba na 2025 duka sun watse ba tare da an daidaita ba.

Masu bincike ba su jira yarjejeniya ba. A Landan, wasu ɗalibai biyu, ɗan Sifen da ɗan Faransa, sun kafa kamfani a 2014, wanda daga baya aka san shi da Notpla. Suna yin wata 'yar jaka daga ciyawar teku, wadda ake zuba abin sha a ciki, a haɗiye ta gaba ɗaya ko a yar ta ruɓe cikin 'yan makonni. A gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Landan ta 2019 an raba fiye da guda 30,000, a 2022 kuma kamfanin ya ci kyautar Earthshot ta fam miliyan 1. Amma wajibi ne a yi lissafi da idon basira. Tan miliyan 35 na ciyawar da aka ambata ɗanya ce, mafi yawan nauyinta ruwa ne, kuma abinci ke cinye kaso mafi girma. Ko kusa ba za ta maye gurbin tan miliyan 460 na roba ba. Abin da za ta iya shi ne ta karɓi waɗansu ayyuka na ɗan lokaci, irin su ƙunshe abinci, yayin da ake rage yawan robar da ake yi tun daga tushe.

Akwai kuma kayan da ake kaiwa teku don aiki a cikinsa. Da, komar masunta da zaren auduga ko rama da makamantansu ake saƙa ta, idan ta ɓace a ruwa sai ta ruɓe. An ƙirƙiro nailan a 1935, kuma a shekarun 1950 da 1960 ya mamaye sana'ar su saboda ƙarfinsa da sauƙin nauyinsa. Wannan ƙarfi shi ne illarsa, domin komar da ta tsinke takan yi shekaru tana yawo tana kama kifi da kunkuru ba mai ɗauka. Binciken da aka buga a 2018 a kan tarin sharar da ke yawo a Tekun Fasifik tsakanin Hawayi da Kalifoniya ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na nauyinsa koma ce. Koriya ta Kudu ta ƙera zaren koma mai ruɓewa, masu bincike na Norwe kuma suka gwada shi a jiragen masunta na ƙasarsu. Sakamakon ya nuna yana kama kifi ƙasa da na nailan, ga shi kuma ya fi tsada. Ke nan idan aka tilasta amfani da shi ba tare da tallafi ba, duniya za ta sami tsabtataccen teku, masunci kuwa shi kaɗai zai biya kuɗin. A 2020 Norwe ta kafa cibiyar bincike a Tromso wadda ta haɗa jami'a da masana'antu da masunta don su warware wannan tare.

6. Gaɓar Afirka ta Yamma

Tun daga 2011 wata ciyawa mai ƙasa-ƙasa da ake kira sargasum, wadda ke yawo a saman ruwa, ta fara yin tururuwa a tsakiyar Tekun Atlantika. Masu bincike na Jami'ar Kudancin Filorida, masu bin ta da hotunan tauraron ɗan'adam, sun auna ta a watan Yuni na 2018 suka tarar ta haura tan miliyan 20, ta miƙe tsawon kilomita 8,850 daga Afirka ta Yamma zuwa Mashigin Meziko. Ta sauka a gaɓar Saliyo da Gana da Nijeriya, tana cika koma, tana toshe injin jirgi, idan ta ruɓe kuma tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A Meziko an cuɗa ta da ƙasa an buga tubali, har an gina gida da shi a 2018. Waɗansu na gwada ta a matsayin taki ko abincin dabbobi, amma tana tara gubar asanik a jikinta, saboda haka sai an auna kafin a kai ta gona.

Nijeriya na da gaɓa mai tsawon wajen kilomita 850. Tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, tana cikin Yarjejeniyar Abijan ta 1981 wadda ta haɗa ƙasashen wannan gaɓa a kan kare teku, a 2023 kuma ta kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku. Wuraren zaman haɗin guiwa akwai su. Ciyawar da ta taso daga tsakiyar teku ba ta san iyakar Gana da Togo ba, kuma matsalar masuncin Ondo ita ce ta masuncin Meziko, saboda haka abin da ɗaya ya gano ya kamata ya isa ga ɗayan, da harshen da yake ji.

Kammalawa

Daga cikin ɗaliban da ke wannan zaure akwai waɗanda za su shiga ɗakunan gwaje-gwaje, daga cikin ma'aikata kuma akwai waɗanda za a ajiye wa takardar yarjejeniya da wata jami'a ko kamfani na waje su sa hannu. Tarihin da aka kawo ya bar musu tambayoyin da za su riƙa yi. Wa ya kawo ilmin, kuma an ambaci sunansa? A ina za a sarrafa kayan, a gida ko a waje? Wa zai ɗauki asarar idan sabuwar dabara ta gaza tsohuwa? An tambayi mai shiga ruwan tun kafin a tsara aikin, ko sai bayan an gama? Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da labarin Fanny Hesse da na matan Paje suka ƙara a kan wannan shi ne, bayan an ɗora jinkar, a duba ko kowane hannu ya sami wurin fakewa a ƙarƙashinta.